Motar Zarami a Hannun Maƙeri

Baƙo Maƙeri ya ɗaga masaba ke nan zai sauke a kan jan ƙarfe, sai ya ji wani abu ya faɗi a waje, jif, har ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa. Sannan muryar Yagana, matar maƙwabcinsa Zarami, ta tsaga unguwa.

"Wayyo Allah! Jama'a ku kawo ɗauki! Mota ta danne shi!"

Baƙo ya yar da masaba ya fita ko takalmi babu. A filin da ke tsakanin maƙerarsa da ƙofar gidan Zarami, a-kori-kurar ta karkace ta durƙusa ta baya. Tun da safe Zarami ya cire tayoyin baya, ya ɗage motar da jak, ya tokare ta da tsohon turmi kamar yadda ya saba. Amma an kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙu ta yi laushi, turmin ya nitse ta gefe guda ya kife. Ƙafafun Zarami kaɗai ake gani, suna shure-shure a cikin taɓo.

Baƙo ya sungumo azarar da ya ajiye don gyaran rumfa, ya cusa ta ƙarƙashin bodin, ya sa kafaɗa. Maza suka fito daga ko'ina suka kama. Bakari, ƙanin Yagana, wani masunci mai ƙirar ƙarfi, ya shiga da rarrafe ya jawo mijin yayarsa ta hammata.

Suka jingina shi da katanga. Babu jini ko ɗigo a jikinsa, sai taɓo da baƙin mai. Ya buɗe ido ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Sufanata tana ƙasa," in ji shi. "Kada wani ya taka ta cikin laka."

Mutane suka yi dariya, suna hamdala. Baƙo bai yi ba. Ya ga yadda Zarami ke jan numfashi kaɗan-kaɗan, kamar mai kurɓar kunu mai zafi.

Shekarunsu da dama suna maƙwabtaka. Iyayen Zarami daga ƙasar Barno suka zo Haɗeja fataucin kifi. Shi kuwa tun yana saurayi ya tafi Kano ya zama direban wani kamfanin sayen gyaɗa, kuma da Baturen da yake tuƙawa zai koma gida, Zarami ya sayi tsohuwar motar ya dawo da ita. Ranar da ya shigo da ita unguwa ya kwashe wa Baƙo kusurwar katanga, suka yi wata guda ba sa ko gaisawa. Abin da ya shirya su wani ƙarfe ne da ya karye a ƙarƙashin motar, wanda babu irinsa sai a Kano. Zarami ya shigo maƙera da guntayen a hannu, ya tsuguna ya ajiye su a gaban Baƙo. Baƙo ya juya su, ya auna, ya ƙera masa sabo. Tun daga ranar, da wuya ka sami wani sashe na motar nan da babu hannun Baƙo a ciki. Zarami kan ce rabinta Baturiya ce, rabinta kuma 'yar maƙera.

Da ita yake kwaso bandar kifi da shinkafa daga ƙauyukan bakin kogi ya kai tashar jirgin ƙasa a Malam Madori. Da ita ake kai mai naƙudar da ta gagara ɗakin shan magani. Damina ce kaɗai ke kayar da ita, don akwai wani kwari a hanyar tasha da ruwa ke cikawa ya raba hanya biyu har sai kaka. A bana Zarami ya yi rantsuwa sai ya haye. Ya sa Baƙo ya lanƙwasa masa bututun hayaƙi ya miƙar da shi sama ta gefen ƙofa. Ya naɗe wayoyin inji da robar tsohuwar taya. Abin da ya rage shi ne ƙarin ganyen sifirin, wato faffaɗan ƙarafan da motar ke zaune a kansu, don ta ƙara tsawo. Na gaba an gama. Na baya yake sakawa turmi ya kife.

Da hantsi aka kira Malam Shu'ibu, malamin ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Ya sa kunne a ƙirjin Zarami, ya danna cikinsa, Zarami ya cije leɓe. Malamin ya ja Baƙo da Bakari gefe.

"Haƙarƙari ya karye, kuma akwai abin da ke zubar da jini a ciki. Ni ba ni da abin yi masa a nan. Sai babban asibiti a Kano. Gobe bayan azahar jirgi zai wuce ta Malam Madori."

"Motar En'e fa?" in ji Baƙo.

"Tana can wancan ƙetaren, ruwa ya tare ta."

Bakari ya ce a ɗora shi a gadon kara, maza su ɗauka a ka. Aka gwada. Ana kwantar da shi numfashinsa ya sarƙe, idanunsa suka firfito, sai da aka yi maza aka tayar da shi zaune. A zaune kaɗai iska ke shiga masa. Jaki kuwa ba a ma yi maganarsa ba.

Da ya dawo hayyacinsa, Zarami ya ɗaga yatsa ya nuna motar.

"Maƙeri, haɗa ta."

"Wa zai tuƙa? Karen motarka ya tafi gida noma, kai kuma ga yadda kake."

"Kai."

"Ni? Ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

"Ka san cikinta fiye da kowa. Abin da ya rage kaɗan ne. Haɗa ta tukuna."

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, aka tara masa matasai a baya. Wannan karon Baƙo ya sa aka jera faffaɗan itatuwa a ƙasa kafin a ɗage motar, ya tokare ta ta ko'ina. Duk da haka, da ya kwanta ya shiga ƙarƙashinta, ya ga shatin bayan Zarami a cikin taɓo, sai da ya kawar da kai.

"Dogon ganyen ne a sama," in ji Zarami daga zaure. Muryarsa ta zama siririya, Yagana ce ke tsugune kusa da shi tana maimaita wa Baƙo da ƙarfi. "Ya ce dogon ne a sama, Malam Baƙo. Ya ce ka shafa mai a tsakaninsu."

"Na shafa."

"Ya ce ƙarya kake, ka ƙara."

Baƙo ya ƙara. Gumi na shiga masa ido, laka na shiga masa kunne. Ya ɗaure noti, Zarami ya ce a kwance, an fara da wanda ba shi ba. Ya kwance ya sake. Sau da yawa a da sun yi irin wannan aiki, Zarami a ƙasa yana mita, Baƙo a tsugune yana miƙa masa ƙarfe yana rama masa baƙar magana. Yau ko sau ɗaya bai rama ba. Har Zarami ya lura.

"Yagana, tambaye shi ko shi ma mota ta danne masa harshe ne."

Kafin magariba aka mayar da tayoyi, aka sauke ta. Ta tsaya cas, ta fi da tsawo da kusan taki guda. Zarami ya daɗe yana kallonta.

"Kamar raƙuma," in ji shi. Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Yagana ta tara masa gefen zanenta, ta yi sauri ta dunƙule wurin. Baƙo ya riga ya ga jan jinin.

Washegari da hantsi aka ɗauko shi a zaune cikin tabarma, aka sa shi a kujerar gaba, aka cusa matasai ta kowane gefe. Fuskarsa ta yi fari-fari, leɓɓansa sun bushe. Yagana da Bakari suka hau baya da ƙullin kaya da butar ruwa. Baƙo ya zauna a bayan sitiyari, ya cire takalmansa don ya ji abin da yake takawa.

"Na hagu kuloci," in ji Zarami. "Na tsakiya birki. Na dama shi ne zuga-zuginta, in ka taka wuta ta tashi. Danne na hagu har ƙasa. To, kawo hannunka."

Ya ɗora tafinsa a kan na Baƙo, suka tura giya tare. Hannun da sanyi kamar randa. Bakari ya sauko ya murɗa ƙarfen tayar da inji a gaba, motar ta yi tari ta kama.

"Saki a hankali. A hankali na ce!"

Motar ta yi tsalle ta mutu. Zarami ya runtse ido, ya riƙe ƙirji, bai yi ko ƙara ba. Baƙo ya ji kamar ya buɗe ƙofa ya gudu.

"Ba zan iya ba, Zarami. Kashe ka zan yi."

"Yadda kake sakin ƙarfe a ruwa in kana ba shi horo, haka za ka saki ƙafar. Bakari, murɗa."

A karo na uku ta tafi. Mutanen unguwa suka bi su da addu'a har bakin ƙofar gari. Baƙo ya ƙanƙame sitiyari, ya sa ido a hanya, yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Gero ya yi tsawo dama da hagu, kore shar, rana na ƙyalli a kan ruwan da ya kwanta a kunyoyi. Zarami na faɗa masa abin yi da kalma ɗaiɗai. Dama. Rage. Bi ta kan ciyawa. Can ya sake ɗora hannunsa suka sa giya ta biyu, iska ta fara shigowa ta taga.

"Ka gani? Direba," in ji shi.

Rana ta kusa tsaka suka iso kwarin. Ruwa ya shimfiɗu jajawur, hanya ta nitse a cikinsa ta ɓullo can nesa kusa da wata tsamiya. Wasu masunta da ke ɗaure da goruna suka tsaya suna kallo. Ɗayansu ya ɗaga murya ya ce ruwan ya kai cinya, su koma.

Zarami ya gyara zama da ƙyar. Idanunsa suka yi haske.

"Koma giya ta ɗaya. Ka saita hancinta da tsamiyar can. In ka shiga, kada ka ɗaga ƙafarka daga na dama ko me ya faru. Ka ji ni? Ko me ya faru."

Baƙo ya yi bisimilla ya shiga. Ruwa ya dare gaban motar, ya hau, ya hau, har ya fara ɓulɓulowa ta ƙarƙashin ƙofa ya rufe masa idon sawu. Tayoyin baya suka yi santsi, motar ta karkata, Yagana ta yi salati a baya. Bututun hayaƙi na ta bubbuga a gefen kunnensa, a sama da ruwa. Baƙo bai ɗaga ƙafarsa ba. Ya ji tayoyin sun sake cafkar ƙasa mai tauri. Tsamiya ta matso. Sai ga su a tudu, ruwa na zuba daga ko'ina a jikin motar, masunta na ihu suna ɗaga hannu.

"Ta haye," in ji Zarami. "Maƙeri, ta haye."

"Ta haye, Zarami. Saura kaɗan mu kai."

"Ka gaya wa mutanen bakin kogi. Bana bandarsu ba za ta ruɓe ba."

"Kai za ka gaya musu da bakinka."

Zarami ya jingina kansa da kafaɗar Baƙo. Suka yi tafiya kaɗan a haka.

"Yagana tana jin kunyar roƙo," in ji shi a hankali. "Ko babu hatsi a gidan ba za ta faɗa ba. Ka riƙa sa Kulu tana leƙawa."

Kulu matar Baƙo ce. Baƙo ya ce to.

Daga nan numfashin ya canja. Ya zama gajere, da ɗan gurnani a ƙarshensa. Baƙo ya ji leɓɓan Zarami na motsi a jikin rigarsa, ya karkata kunne, ya gane abin da yake faɗa. Ya so ya rungume shi, amma yana tsoron in ya saki sitiyari motar za ta faɗa gona, in kuma ya tsaya za su rasa jirgi. Sai ya riƙe da hannu biyu, idonsa a hanya, ya shiga faɗin kalmar shahada da ƙarfi, yana maimaitawa, Zarami na bin sa a ƙasa-ƙasa. Ya yi ta faɗa. Bai san daidai inda ya koma shi kaɗai ke faɗa ba. Abin da ya sani shi ne kan da ke kafaɗarsa ya ƙara nauyi, kuma kowane rami suka faɗa sai ya gangaro ya koma.

Ta ƙaramar tagar da ke bayansu Yagana ta ƙwanƙwasa.

"Malam Baƙo, ya yi barci ne?"

Baƙo bai waiwaya ba. Rufin kwanon tasha ya riga ya bayyana a gaba. Ya ci gaba da tuƙi.

Ya taka birki a gaban shingen tasha, bai danne kuloci ba, motar ta yi tsalle ta mutu, hancinta dab da shingen. Yagana ta diro ta buɗe ƙofar. Ta dubi fuskar mijinta, ta taɓa kumatunsa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta zame ta zauna a ƙasa a gindin taya, ta ja mayafi ta rufe kanta, jikinta na girgiza. Bakari ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sa hannu ya rufe masa ido.

Leburorin tasha duk sun san motar. Suka bar buhunan da suke jera wa jirgi suka taho, wasu da fara'a, suna cewa yau Zarami ya haye ruwa. Da suka leƙa, sai suka ja da baya suka yi cirko-cirko. Suna nan tsaye jirgin ya iso, ya yi huci, mutane suka sauka wasu suka hau, ya busa ya tafi Kano.

Leburorin suka taimaka aka mayar da Zarami bayan motar, aka shimfiɗe shi a kan tabarma. Yanzu ya kwanta sosai. Yagana ta hau ta zauna a gefen kansa ta lulluɓe shi da zane.

"Mu koma, a samu a yi masa sutura kafin rana ta faɗi," in ji Bakari. Ya murɗa inji ya kama.

Baƙo ya danne kuloci, ya kama giya. Shinge ne a gabansa, sai an ja da baya. Ya tura giyar gefe, ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya jawo ta, ya saki ƙafa, motar ta yunƙura gaba ta daki shingen. Ya sake gwadawa, ta sake yin gaba. Sai ya juya gefen da matasai suke, har ya buɗe baki zai yi tambaya.

A nan ne kukan ya zo masa. Ya kifa goshi a kan sitiyari, wannan ƙaton mutum mai tabon wuta a hannuwa, yana kuka kamar ransa zai fita.

Wani dattijo cikin leburorin ya matso ya dafa ƙofar.

"Lafiya, Malam? Ta lalace ne?"

"Bai koya mini baya ba," in ji Baƙo. "Gaba kaɗai ya koya mini."

Dattijon ya dubi shingen da ke gaban motar. Sannan ya juya ya yafito sauran. Suka kewaye motar, suka sa ƙirji da kafaɗa, suka tura ta baya a hankali, Baƙo na juya sitiyari yadda suka ce, har hancinta ya fuskanci Haɗeja. Ba wanda ya yi waƙar da suka saba yi in suna tura kaya.

A giya ta ɗaya ya dawo tun daga tasha har gida, don bai yarda ya taɓa ta shi kaɗai ba. A kwarin masunta suka gane tun daga nesa. Suka shiga ruwan suka jeru dama da hagu suna nuna masa inda ƙasa ke da tauri. Manoman da suka saba ɗaga wa motar hannu suka ɗaga, suka ga wanda ke tuƙi, suka ga Yagana a baya, suka sauke hannun. Wasu suka ajiye fartanya suka biyo ta a ƙasa, kuma ba su sha wahalar cim mata ba. Kafin a shiga gari mutanen da ke bayanta sun yi yawa.

Aka yi masa wanka, aka yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi. Baƙo ya kama makara, ya zuba ƙasa, ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida tare da Bakari, yana amsawa ba tare da ya san abin da yake faɗa ba.

Da mutane suka ragu, rana ta yi ja, ya tashi zai shiga gida. Motar na nan inda ya tsayar da ita, a karkace, tayar gaba ɗaya a cikin kwata. Lakar kwarin ta bushe a jikinta har tsayin ƙofa, ta fara tsattsagewa. Ya ga an bar tagar gefen Zarami a buɗe, ga kuma hadari na haɗowa daga gabas. Ya buɗe ƙofar ya murɗa gilashin ya rufe. Matasan na nan a kan kujera yadda aka jera su da safe, da lotsawar bayan mutum a tsakiyarsu. Ya miƙa hannu zai kwashe ya kai wa Yagana, sai ya fasa. Ya tura ƙofar a hankali har ta kama, ya tsaya a wurin, ɗigon ruwa na farko na sauka a kan rufin motar.